Lambobin Kawu a Cikin Injin Ruwa

"…lafiya lau, sai gajiya. Kai fa bawana, ka gama kashe injin ko da saura?"

Haka Zubaidatu ta amsa gaisuwar taubashinta Mijinyawa, tana dire jakar kayan aiki a gidan ruwan leda da ke Tudun Ƙofa. Tun safe take tsaye kan gyaran wani inji a Gitata, ƙafafunta sun kumbura, ko abincin rana ba ta sa a baki ba. Da wani ne ya kira ta, wallahi da sai dai ya ji waya a kashe. Amma injin na marigayi Kawu ne, yayan mahaifiyarta, wanda ya haifi wannan sarkin taurin kan.

"Baiwar gidanmu, haka ake gaida ubangida? Ko ɗan rusunawa babu?"

"In na rusuna yau, sai an kira mutum huɗu su ɗaga ni. Buɗe min akwatin."

Ya buɗe akwatin ƙarfen da ke jikin bango, inda ƴar na'urar da ke juya injin take. Idonta ya faɗa kan wani baƙin salatif da aka manna a goshin na'urar.

"Wannan fa?"

"Wata jar fitila ce ke ta ƙyafta min ido tun kafin azumi. Na gaji da ita, na rufe ta."

"Innalillahi! Fitilar batir ce, Mijinyawa. Wata biyar tana gaya maka batir na mutuwa, kai kuma ka ɗaure mata fuska. Ga shi allo ya rubuta, yau ya cika."

"Allah ya jiƙansa. Sai ki sa wani, ba aikinki ke nan ba?"

"Irinsa sai an aiko daga Legas. Tsaya in fahimtar da kai, ko da yake wahalar banza zan yi. Ƙwaƙwalwar nan kamar gidan haya take, ɗaki-ɗaki, kowanne da lambarsa. Na bakin ƙofa su ke karɓar labari, an danna maɓalli, leda ta ƙare. Na kusa da su su ba da umarni, famfo tashi, wuƙa yanka. Can ciki kuma masu ajiyar lamba. Na ƙasa da ɗari biyu, wuta na ɗaukewa an share su tas, kamar kanka."

"Kaina da ya riƙe ranar da kika yi fitsari a bayan Goggo a filin Idi?"

"Shi ɗin. Daga ɗari biyu zuwa sama batir ke gadinsu. Nan Kawu ya zuba zafin liƙi, tsawon leda, da daƙiƙun zuba ruwa. Mai gadi ya mutu. Yanzu janaretonka kaɗai ke riƙe da su, yana tsayawa sun tafi."

Kamar jira yake, janareton ya yi wani tari a waje. Kwana biyu ke nan babu wuta a unguwar, tsohon ƙarfen kuma tun safe bai huta ba. Zubaidatu ta ga fuskar Mijinyawa ta sauya, sai tausayinsa ya kama ta. Kusan shekara Kawu ya yi yana gwada lambobin nan, yana asarar leda, har ya samu liƙin da ba ya fashewa. Bai rubuta su ko'ina ba. In an yi magana sai ya ce ai suna cikin inji.

"Dogara!" Mijinyawa ya ƙwala wa mai kula da janareto kira. "Ko fifita za ka yi masa, kar ka bari ya mutu!"

"Oga, ya yi zafi over, ni dai na faɗa maka!"

"Ɗauko biro," in ji Zubaidatu. "Ka iya rubutu, ko in zana maka da tsinke?"

Ya yago kwali ya durƙusa. Ta shiga danna allo.

"Ɗari biyu: ɗari da arba'in da biyar."

"A hankali, ba gwanjo kike ba."

"Ɗari biyu da ɗaya: sha takwas. Wannan takwas ce ko kwaɗo?"

"Rubutun manya ne, baiwa ba ta gane shi."

Haka suka yi ta yi, ita tana karantowa da murya a dushe, shi yana kartawa gumi na ɗiga a kwalin. Sun sami bakwai, saura na zafin liƙi, sai janareton ya yi gurnani sau biyu ya yi tsit. Allo ya yi baƙi.

Mijinyawa ya zauna daɓas a ƙasa. Biron ma ya faɗi bai ɗauka ba.

Zubaidatu ta jingina da bango ta dunƙule hannun hagu.

"Faɗa min, tsakanina da kai wane ne bawa?"

"Zubaidatu, don Allah ba yanzu ba."

"Yanzu ɗin dai. Da ka tsaya gyara kwaɗonka, ni na riga na leƙa ɗakin ƙarshe, na kwafe shi da birona."

Ya ɗago kai. Ta ɗan buɗe tafin ya hango shuɗin tawada, ta sake dunƙulewa.

"Ni ne! Ni ne bawan, da ni da ƴaƴana da awakina!"

Ta miƙa masa hannun. Ya riƙe yatsun yana kallon lambar, ɗari da saba'in da uku, ya daɗe bai saki ba.

"Da wannan ta ɓace," ya ce a hankali, "da yau na sake binne Baba."

Ta kau da kai.

"To sakar min hannu, kar guminka ya goge gadon."

Ya fashe da dariya yana share ido da gefen riga.

"Dogara! Kawo wa uwar ɗakina ruwa mai sanyi, jaka guda. Ka sayo mata tsire!"

"Ya fara kawo kujera," in ji ta, tana ɓare salatif ɗin ta manna wa Mijinyawa a goshi.