Yadda Za Ka Hana Wayarka Tona Asirin Unguwar Da Ka Fito

Ka bar Yammacin Baltimore ka koma unguwar masu hali, kana tsoron a gane ka? Bi matakan nan, za ka saje da su tsaf. Ɗan yayata Dontrell ya bi su, kuma bai faɗi ba.

1. Rage murya. Can gida, sifikar waya kake buɗewa a bas, kowa ya sa baki a faɗanka da budurwarka. A nan, cusa abin sauraro a kunne, ka yi ta gyaɗa kai. Mai arziki ba a jin rigimarsa.

2. Kada ka kira kowa kai tsaye. Fara rubuta, "Zan iya kira?" Ka koya wa danginka ma. Dontrell ya ce wa mahaifiyarsa Odessa, "Mama, ki riƙa rubuto min kafin ki zo."

Ta ce, "Da za ka zo duniya, ka rubuto min?"

Rabu da ita. Tsofaffi ba su san ci gaba ba.

3. Shiga zauren unguwa na waya. Hirar kyanwar da ta ɓata ake yi, da hotunan kyamarar ƙofa. A tsohuwar unguwa in an ga baƙo, tambayarsa ake ɗan gidan wa ne. Wannan ƙauyanci ne. Mai wayewa hoto yake ɗauka ta bayan labule.

4. Jure ranar gwaji. Wata Lahadi Odessa ta taso daga coci da tukunyar dafaffen ganye za ta kai masa, ba ta rubuto ba. Gidajen duk kamarsu ɗaya, sai ta ƙwanƙwasa na maƙwabciya, Madam Whitcomb. Nan take hotonta ya faɗo zaure, da hular cocinta: "Wata mata na bin gidaje da tukunya. Akwai wanda ya san ta?"

Dontrell na kwance a kujera ya gani. Wawa ne zai rubuta "Mahaifiyata ce," ya rushe duk abin da ya gina. Shi kuwa ya rubuta, "Mun gode da sa ido." Ta kira, ya kife wayar.

5. Ci ribarka. An sa shi a kwamitin tsaron unguwa. Odessa kuma, wata 'yar cocinsu mai shara a layin ta nuna mata hoton da amsar ɗanta. Ta karanta, ta mayar da wayar, ta ce, "Hular dai ta yi kyau." Ba ta sake kiransa ba.

Gargaɗi: alkawarin sajewa na yi maka, ban yi na uwa ba. In ka je gida ranar Bikin Godiya, da dangi ke haɗuwa cin abinci, ka tarar ba kujerarka, ba ruwana. Ta Dontrell, direban bas ɗin da ya mayar da Odessa gida waccan Lahadin, ya taya ta ɗaukar tukunya har ƙofa, shi ke zama a kai.