Barista Ƙasimu a Kujerar Gaba

Wani mutum ne a unguwarmu, Ƙasimu, wanda kwana tara ke nan yana shelar cewa ƙasar nan ta mutu, har an binne ta. Dalilinsa ɗaya: lauyoyin yanzu ba su da tarbiyya.

Shekara ashirin ya yi a Kudu, ba wanda ya san sana'arsa a can. Ya dawo da baƙar kwat da jakar hannu, ya ce a kira shi Barista. Aka kira shi. Ko rikicin akuya aka yi a layi, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Wannan sashe na sha huɗu ne."

To, 'yar wansa Zuwaira ta gama sakandare, lauya take so ta zama. Ta rasa jami'ar da za ta cike, ta kuma rasa fannin da za ta sa a gaba: shari'ar Musulunci, ko harkar filaye, ko manyan laifuka. Sai ta ji lauyoyin gari sun shirya taron ba ɗalibai shawara.

"Baffa, ka raka ni mana, tunda 'yan'uwanka ne."

"Yarana dai," in ji shi. "Rabinsu ni na koya musu tsayuwa a gaban alƙali."

Su lauyoyi al'adarsu ce, wanda ya riga ka zama lauya ko da kwana ɗaya ne, shi ne a gaba. Ba ruwansu da furfura ko tumbi. Don haka a bakin zauren wata mata ke rubuta suna da shekara.

"Ranka ya daɗe, wace shekara aka rantsar da kai?"

Ƙasimu ya leƙa ciki, ya dawo da kai. "Alif ɗari tara da tamanin da takwas."

Matar ta miƙe zumbur. Aka karɓe masa jaka, aka ratsa da shi tsakiyar zaure, takalmi na ƙwas-ƙwas, aka dire shi a sahun farko, gaba da wani tsohon alƙali, Mai Shari'a Gwadabe, wanda ya biyo bayansa da shekara biyu. Zuwaira tana can cikin ɗalibai, baki har kunne.

Mai gabatarwa ya ce, "Babbanmu zai fara. Ya faɗa wa yaran nan yadda ake zaɓen makaranta."

Ƙasimu ya karɓi makirfo, ya yi gyaran murya sau uku.

"Yara, kada ku wahalar da kanku da nisa. Ni da na gama jami'a, aka ce in tafi Makarantar Lauyoyi ta Legas. Na ce ina! Ga Bagauda nan kusa da gida. Can na yi shekarata guda, na fito na ɗaya."



Mai Shari'a Gwadabe ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Yallaɓai, Bagauda ka ce? A tamanin da takwas?"

"Ƙwarai. Gefen ruwan nan."

"Ikon Allah. Mu a zamaninmu Legas kaɗai ake zuwa. Bagauda a lokacin otal ce." Ya ɗan matso da kujera cikin ladabi. "A ɗaki mai lamba nawa ka yi karatun?"

Wani daga baya ya ƙyalƙyale, zaure ya ɗauka gaba ɗaya. Ƙasimu ya ce zai gyara alwala. Har yau jakarsa tana can.

A hanya Zuwaira ta cim masa tana haki.

"Baffa, na zaɓa. Manyan laifuka zan karanta."

"Madalla. Wa ya ba ki shawara?"

"Mai Shari'a. Ya ce masu sojan gona da sunan lauya ma a nan suke faɗowa, kuma ga dukkan alamu ba sai na je nesa neman aiki ba."

Shi ne fa Ƙasimu yake ta ƙorafi a majalisa: tsoho kamarsa, a tsitsiye shi gaban yara! Jiya dai Malam Sabi'u tela ya gaji, ya tambaye shi.

"Wai Barista, wa ya ce ka ce tamanin da takwas?"



"Ba kowa. Da shekarar dubu biyu da biyar na fito daga gida, na ma haddace ta tsaf. Da na leƙa ne na ga 'yan dubu biyu a kan benci suke. Kujerun gaban kuwa, Sabi'u, masu soso ne."