Yadda Ake Zaɓe Tsakanin Mai Bindiga da Mai Naushi

Ka taɓa tsayawa gaban gem biyu na talabijin, hannunka na ƙaiƙayi, ka rasa wanda za ka buga? To kakarka ta yanke saƙa. Ni Yunana na Furana, manomin masara, na bi wannan hanya tun zamanin soja, lokacin da ake ce mana mu tsuke bakin aljihu alhali aljihun ma ya yage. Ka bi matakan nan yadda na bi su, na ba ka tabbaci za ka yi zaɓi, kuma za ka yi nasara. Abin da zai biyo bayan nasarar, za mu zo kansa.

1. Ka tabbata kana da aikin da ya fi wannan muhimmanci

Gem ba ya daɗi sai akwai abin da ka bari dominsa. Ni takin zamani na bari. Damina ta kankama, masarata ta fara yin rawaya, sai labari ya zo cewa motar taki ta iso Ikara. Matata Talatu ta turo mini keke har ƙofar gida.

"Baban Lucia, don Allah ka tsaya a layin nan," in ji ta. "Bara ka ce ka makara, muka tashi da goyon masara kamar yatsa."

Na ce mata ta ɗauka buhu ya riga ya shigo gida.

A layi na tarar da abokina Inuwa na Saulawa. Rana ta buɗe, layi ba ya motsi, sai muka ji wani kiɗi daga wajen tasha: fiu, fiu, ɗas! Inuwa ya ce wai talabijin ce da ake ba ta umarni ta bi. Muka samo duwatsu biyu muka ajiye su riƙe mana wuri. Kai ma ka yi haka. Dutse ba ya cin amana.

2. Ka nemo inda ake bugawa

Rumfar Uwaisu mai gyaran rediyo ce. Ya kafa talabijin a kan durom, ya jona mata wani ɗan akwati mai wayoyi biyu, kowace waya da abin dannawa a bakinta wanda suke kira hannu. A bayan rumfa janareto na tari kamar tsohon jaki.

"Kowa zagaye ɗaya," in ji Uwaisu. "Man nan sai da na je Makarfi na yi roƙo aka tsiyaya mini. Kaset biyu ne, mutum ya zaɓi ɗaya, ban da na fasa."

Ka ji inda matsalar take. Da zagaye biyu ake bayarwa, da ba ka buƙatar malami irina.

3. Ka ƙare wa kowanne kallo

Na farko shi ne Mai Bindiga. Wani ƙaton soja ne ba riga, yana gudu a daji yana harbi gaba da baya da sama. Harsashinsa ba ya ƙarewa. A shekarar da sukari ya ƙare, sabulu ya ƙare, kananzir ya ƙare, duk abin da ba ya ƙarewa ya cancanci a cire masa hula. Aibinsa ɗaya: duk girman nan nasa, ƙuda ya taɓa shi sai ya mutu.

Na biyu shi ne Mai Naushi. Ƙarti biyu ne, mai jan wando da mai farin wando, suna dambe har da ƙafa, wani lokaci ma wuta ta fito daga tafin hannu. Wannan mutum biyu ke bugawa.

Yanzu ka riƙe wannan, don ba kowa zai gaya maka ba. A Mai Bindiga, inji ne ke kashe ka, kuma inji ba ya zuwa majalisa. A Mai Naushi, ɗan Adam ne ke kayar da kai, kuma ɗan Adam yana da baki da dangi.

4. Ka nemi shawarar wanda bai sani ba

Wanda ya sani zai ba ka amsa nan take, daɗin ya ƙare. Ni Inuwa na tambaya, tunda ya rantse ya taɓa bugawa a Hunkuyi.

"Ɗauki Mai Bindiga," ya ce. "Namiji da harbi."

"Fasto ya hana kisa."

"To ɗauki Mai Naushi."

"Ya hana dambe ma."

"Mu ma Malam bai yarje mana ko ɗaya ba," in ji Inuwa. "Amma ban ji ya ambaci na cikin talabijin ba."

Muka yarda cewa wannan ƙofa ce da aka bari a buɗe, muka gode wa Allah.

5. In aka zo kanka, ka ba na baya wuri

Gaggawa aikin shaiɗan ce. Duk lokacin da Uwaisu ya miƙo mini hannu, sai in ce, "Ba wa wancan, ina nazari tukuna." Ina tsaye a gefe na harɗe hannuwa a baya, in wani ya mutu in girgiza kai in ce, "Ai da ka yi tsalle." In ya yi tsalle ya mutu, in ce, "Wa ya aike ka tsalle?"

Kafin azahar rumfar ta sallama mini. Ana ta cewa, "Ku tambayi mutumin Furana." Ban taɓa ko wayar ba, amma an ba ni benci. Inuwa ya leƙa layi ya dawo ya ce an fara rabo, mutane sun matsa gaba, duwatsunmu dai suna nan inda muka bar su. Na ce masa mu ɗan jira, na kusa yanke hukunci.

6. Ka bari wani ya tilasta maka

Sai jama'ar rumfa suka dare. Wani kofur ne ya sunkuyo ya shigo, ɗaya daga cikin sojojin da suka rako motar taki, bulala maƙale a ƙugu. Ya tsaya yana kallon talabijin, idonsa na sheƙi irin na kowa.

"Waye gwani a nan?" ya ce.

Ban taɓa ganin haɗin kan jama'a irin na ranar ba. Musulmi da Kirista, ni suka nuna da yatsa ɗaya.

"Kai, wanne ya fi?"

Na buɗe baki zan ce Mai Bindiga, don in faranta masa. A daidai lokacin sojan cikin talabijin ya yi tuntuɓe ya afka rami, ƙafafu sama. Na ga in na yabi wannan, zai ɗauka zambo nake wa aikinsu.

"Mai Naushi, ranka ya daɗe."

"Madalla. Zauna mu gwada."

Ka ga, zaɓin da ya gagare ni tun hantsi, tsoro ya yi mini shi kafin in haɗiye yawu.

7. Ka ƙudurta faɗuwa

Ba a cin soja. Wannan ko Lucia da ke goye ta sani. Na zauna da niyyar in sha kaye cikin mutunci in koma layi. Abin da ban lissafa ba, faɗuwa ma sai wanda ya iya. Ban san wane maɓalli ke naushi ba balle in guje shi. Yatsuna na ta danna duk abin da suka samu.

Da na ɗaga kai sai na ga abu ya yi kyau. Mai farin wando na shan duka, ana ɗaga shi ana bugawa da ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, ga nawa nan yana yin abin da na aike shi. Don in ƙara wa kofur jin daɗi, na shiga yi masa kirari.

"Kai, yallaɓai! Wannan hannu da nauyi yake!"

Ya ci gaba da danna nasa da ƙarfi.

"A tausaya mini, ranka ya daɗe! Haka kuke yi a bariki?"

Mai jan wando ya feso wuta, mai farin wando ya miƙe a ƙasa bai ƙara motsi ba. Na ajiye hannu na tafa, na ce, "Ai ni dama na san ruwa ba sa'an kwando ba ne."

Ba wanda ya yi dariya. Uwaisu ya juya yana duba janareton da ba abin da ya same shi. Inuwa ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Yunana," ya ce, "kai ne mai jan wando."

8. Ka karɓi kyautarka

Kofur ya miƙe a hankali ya gyara bel.

"Wato waye kwandon?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Kama kunnenka. Tsuguna. Tunda ka iya tsalle a talabijin, mu ga na ƙasa."

Haka na fito daga rumfa da tsallen kwaɗo, shi yana biye, jama'a na biye da shi. Muka ratsa tasha, muka wuce masu rake, muka doshi filin rabo. Motar taki ta zama fanko, ana kakkaɓe ta. Cinyoyina na ci da wuta, amma zuciyata ta fi su zafi, don na hango masarata tana ƙarasa rawayarta, na hango kuma fuskar da zan tarar a gida.

Ashe fuskar ta taho da kanta. Talatu ce tsaye a gindin kekena, Lucia a bayanta, buhun taki ɗaure a kariyar keken. Bayan fitowata hankalinta bai kwanta ba, ta bi matan zumuntar coci suka shigo motar kasuwa, ta tsaya a rana har aka zo kanta.

"Baban Lucia, me ya faru?"

"Na ci gem," na ce, ina riƙe da kunnuwa.

"Ka ci?"

"Na ci."

Ta dube ni sama da ƙasa, ko da yake a lokacin duk a ƙasa nake. Sai ta rusuna ta gaida kofur, ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi iyali, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Yallaɓai, alfarma nake nema," ta ce. "Mijina ne. Keken ya cika da kaya. Tunda tafiyar ta karɓe shi, a juya shi ya fuskanci Furana."

Kofur ya so ya daure, ya kasa. Ya yi dariya har ya dafa mota, ya ce in tashi in ɓace masa. Tashin ma sai da Inuwa ya kama ni. Talatu ta tura keke a gaba, ni ina bin ta a baya ina tale ƙafa har gida. Washegari da safe ta miƙo mini kwanon taki ta nuna gona. Zuba taki kuwa, in ba ka sani ba, a tsugune ake yin sa, gindi bayan gindi.

A kula

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa layinsa, ko cinyarsa ta kumbura, ko labarinsa ya zama abin buɗe taro a zumuntar mata, shi ya jiyo. Ba ruwan Yunana, ba ruwan Furana. Kada kuma wani ya zo ya ce mu gwada hannu ya ga ko da gaske na iya. Na buga sau ɗaya, na ci sau ɗaya, na ajiye. Har gobe ba a haifi wanda ya taɓa kayar da ni ba.