Ranar da Na'urata ta Mai da Manja Lemo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka fara aiki da na'urar karanta lambar kaya a shagon Umma ba. Ko na so in manta ma, mutanen layinmu a Unguwar Dosa ba za su bar ni ba.

Ni dai magana ce ba na so. A sa ni wanke-wanke, a aike ni har unguwar Kawo a ƙafa, duk zan yi, amma kada a tsayar da ni gaban mutum a ce in buɗe baki. Sai ga shi kullum na dawo daga makaranta Umma ta shige gida ɗora girki, ta bar ni da shago. Mutum ya ɗauki gwangwanin madara ya tambayi kuɗinsa, in faɗa, ya ce bai ji ba, in sake faɗa, ya ce ko ban ci abinci ba ne. (Na ci. Muryar ce haka.)

Wata rana da aka ba mu hutun makaranta, ni da Umma muka shiga wani babban kanti, na ga wata budurwa tana haska wa kaya jan haske, abu ya yi ƙit, farashi ya fito. Har muka fita ba ta ce mana uffan ba. Na ce lalle wannan na'ura don ni aka ƙera ta.

Na dami Umma da naci har ta gaji. Da yake ni ce 'yar fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Ke 'yar nan, ke za ki zaɓa. Amma in ta ƙi aiki, ke da ita za ku zauna a shagon nan har hutu ya ƙare."

Na yi bincike kamar mai shirin jarrabawa. Akwai mai igiya, akwai mara igiya. Akwai wadda ke karanta zanen nan mai layi-layi kawai, akwai wadda ke karanta har na fuskar waya. Na duba wadda ke jure faɗuwa, da wadda batirinta ke daɗewa in an ɗauke wuta. Daga ƙarshe na tsaya kan mara igiya da ake haɗawa da waya, saboda manhajarta tana faɗin sunan kaya da farashi da murya. Wato ita za ta riƙa magana a madadina.

Mai shagon na'urorin ya yi mana tambaya ɗaya: duk kayanmu na kamfani ne, ko muna ɗura wasu da kanmu? Umma ta dube ni. Ni kuwa na riga na bi kantocinmu ɗaya bayan ɗaya, na ga ban da ƙullin sukari da gishiri, babu abin da ba shi da zanen a jikinsa. Na amsa da ƙarfin hali cewa duk suna da shi. (Na lura maɓallin rigarsa ɗaya ya bambanta da sauran. Tambayarsa ce dai ban lura da ita ba.)

Ranar Juma'a na yini ina haska kaya ina rubuta sunayensu a waya: sabulu, taliya, madara, lemon roba. Na gaji kafin in kai kantar ƙasa, inda manja da man gyaɗa suke, na ce sai gobe. Goben da ta zo, ɗoki ya mantar da ni.

Umma kuwa ta riga ta baza labari. Mata suka cika ƙofar shago, Baba Ɗanlami, tsohon da ke zama a bencin gefenmu, ya ce a ƙara murya don kunnensa ya yi nauyi. Na ƙure ta. Aka haska sabulu, ta ce sabulu. Aka haska taliya, ta ce taliya. Umma tana ta gyara mayafi tana murmushi.

Sai ga Malama Rahila, malamarmu ta kwamfuta, ta biyo daga gwajin waƙa a cocinsu. Ta sunkuya ta ɗauko robar manja ta miƙo mini, tana cewa yau za ta ga abin da ta koya mini. Na haska.

"Lemon roba," in ji na'urar, da muryar da aka ji har tsallaken titi, ta kuma faɗi kuɗin lemo.

A nan ne na tuna cewa Umma a jarka take saro mai, ta wanke robobin lemo da na ruwa ta ɗura. Zanen da na bi na duba ɗin nan, duk na tsohon abin da ke ciki ne. Maimakon in ajiye na'urar, sai na rikice na sake dannawa. Ta ce lemon roba biyu. Na kuma danna don in soke, ta ce uku. Malama Rahila ta ɗaga jan man nan sama tana dubawa.

"To 'yata, a wannan farashin a ba ni duk kantar," ta ce.

Baba Ɗanlami ya ce shi ma a ba shi mai sanyi, ya ga ko zai yi miya. Wata mata ta miƙo man gyaɗa don neman magana, na'urar ta ce ruwan sha. Umma ba ta yi dariya ba. Ta ce tunda ni na zaɓo, ni zan yi wa jama'a bayani.

Haka na tsaya na yi jawabi mafi tsawo a rayuwata kan robobi da zanensu. Baba Ɗanlami ya ce bai ji ba, na maimaita.

Na'urar tana nan tana aikinta a kantocin sama. Kantar ƙasa kuwa, inda aka fi ciniki, ni ce muryarta har hutu ya ƙare, kuma har yau in na wuce ana tambayata ko akwai lemon miya. Abin da na koya shi ne, kafin ki duba abin da aka rubuta a jikin roba, ki tambayi wadda ta ɗura. Sai dai tambayar ma magana ce, kuma kun san yadda muke da ita.