Rasuwar 'Yar Kwatano, Wadda Ta Tafi Da Ruwan Malam Alu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon baƙin gilashi, iyalan marigayi Malam Alu na Tawa da Yamai suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba na arziki ba, rasuwar ordinatar, wato kwamfutar 'yarsu, Malama Halimatou Alu, malamar lakwal, makarantar boko ke nan, kuma ɗalibar jami'a da ke zaune a unguwar Lamorde. Marigayiyar, wadda aka fi sani da 'Yar Kwatano, ta cika ranar Talata da hantsi, cikin watan Mayun 2010, bayan jinya mai tafiya tana dawowa.

Ba wanda ya san shekarunta. Ta shigo ƙasar nan ta tashar jirgin ruwan Kwatano da tsufanta, bayan ta yi wa wani Bature bauta har haruffa uku suka goge daga jikinta. Shekara shida ta yi a hannun Halimatou, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba sai "tiiit" guda da safe, sannan "gurrr, gurrr" irin na dattijuwar da aka tasa daga barci. Mai natsuwa ce ƙwarai. Halimatou takan kunna ta, ta tafi ta yi wanka, ta dama kunu, ta dawo ta tarar tana nan tana shiri.

Babban abin da za a tuna ta da shi kuwa shi ne amanar da ta riƙe. Malam Alu, Allah ya jiƙansa, shi ne mai awon ruwan sama na ƙauyensu a arewacin Tawa. Daga 1968 zuwa 1998, duk ranar da aka yi ruwa sai ya fita da gwangwaninsa ya auna, ya rubuta a littafi. Halimatou ta zauna ta shigar da littattafan nan cikin 'Yar Kwatano rana bayan rana, don a kansu take rubuta kundin kammala karatunta, wanda ke cewa ruwa a Tawa yana tafiya amma yana dawowa. Da ta gama ta mayar da littattafan gida, bana da aka yi fari awaki suka shiga ɗaki suka cinye su har bango. Ba a ga laifin awakin ba, mutane ma abin da suka samu suke ci. Amma daga ranar, damina talatin da ɗaya ba su da wani masauki a duniya sai cikin marigayiyar, da ɗan kile guda, ƙaramin ma'ajin bayanai da ake soka wa ordinatar, wanda Halimatou ke ɗaurewa a bakin zane.

Ciwon ya fara ne ranar da sojoji suka karɓi mulki, a watan Fabrairu. Ana jin harbi daga ƙetaren kogi, gilashinta ya yi shuɗi fau, ta rubuto cewa wani fayil na tsarin da ke tafiyar da ita ya ɓata ko ya lalace. Da yamma rediyo ya ce an dakatar da tsarin mulki. Ita ta riga su da awa biyar.

Aka ɗora ta a babur zuwa unguwar Talaje, wajen Sumana mai gyara. Ya ce riƙon ƙwarya zai yi mata na kwana uku ya mayar da ita ga mai ita, ya yi mako uku. Ya kwashe ruwan Malam Alu gefe, ya wanke mata ciki tas, ya zuba sabon tsari daga faifai, ya mayar da ruwan. Ta dawo gida garau, har da wata 'yar waƙa da take yi idan ta farka. Kwana goma sha biyu, ga shuɗin nan kuma, ga fayil ya sake ɓata.

Sau biyar aka yi haka. Sumana ya ce zafi ne, aka ba ta fanka, mai gidan tana zufa. Ya ce yankewar kuran ce, wato wutar lantarki, aka samo mata batirin tsaro mai kuka kamar tsuntsu. Ya sa ta binciki kanta da kanta, ta yi wuni tana ƙirge, ta ce lafiyarta lau, kashegari ta faɗi. Ya canza mata ƙwaƙwalwa, ya busa mata iska, ya duba ta da kunne. Wata gwaggo ta ce baki ne, ta ɗaura mata laya a waya. A faɗi gaskiya, layar ce ta fi daɗewa tana aiki, don ta kai kwana goma sha biyar.

Ashe zumunci ne ke kashe ta! Duk lokacin da ta dawo daga Talaje, sai 'yan dubiya su cika gida: ɗalibai, maƙwabta, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. A zauna, a sha ruwa, a ce, "Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Sannan kowa ya laluba aljihu ya fito da kilensa, wai bari ya gwada ya ga ko ta warware. Kilen nan kuwa sun kwana a kowace ordinatar ta Yamai, ba cutar da ba su ɗauko ba. Ita kuma Halimatou 'yar gidan mutunci ce. Yaya za a yi mutum ya tako ƙafa ya zo dubiya, ka ce masa kada ya taɓa majinyaci? Sai ta kau da kai ta shiga ɗauko musu ƙanƙara.

Sumana ne ya gano haka da ya biyo sawu ran Litinin, ya tarar da mutum bakwai a layi. Ya riƙe baki ya ce, "Haba Malama, ni ina wanki, ke kina shanya a turɓaya?" Ya kori jama'a, ya sake yi wa majinyaciyar magani, ya karɓi kilen bakin zane ya ga shi ma ya kamu, ya wanke shi fes. Ya ce gobe da safe ta sake kwafe ruwan a cikinsa, shi ke nan an rabu da ciwo.

Da safe babu kuran. Da hantsi ya dawo da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba, ya bi ta kan batirin tsaron kamar ba a ajiye kowa a ƙofa ba. Marigayiyar ta ce "tak, tak, tak", ta saki wani ɗan hayaƙi, ta yi shiru. Halimatou ta danna ta sau ashirin tana kiran sunanta. Sumana ya buɗe cikin, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hularsa.

Ta rasu ta bar gilashi guda mai lafiya wanda ba shi da abin nunawa, da ɓera mai tafiya gefe, da batirin tsaro da har yanzu yake kuka, ba a san ko na nadama ba ne. Ta bar kile wankakke. Ta kuma bar Halimatou da ranar kare kundi nan da mako biyu.

Tun jiya ake karɓar gaisuwa, kuma a nan ne wani abu ya fito. Rabi, abokiyar karatun Halimatou 'yar Maraɗi, ta ja ta gefe tana sunkuyar da kai, ta ce ranar da ta zo dubiya ta ɗan ɗebi shekara biyu don nata kundin. Halimatou ta rungume ta har da kuka. Labari ya bazu, sai ga 'yan dubiya suna ɗigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ya ɗiba a ɓoye. Kai, Yamai da ɓarayin kirki!

Sai dai kowa abin da ake nema bana ya sata. An kawo 1984 sau tara, 1973 sau shida, 1972 da 1997 suna nan kamar a yi kyauta da su. Shekarun yunwa duk sun dawo gida. Shekarar da aka yi ruwa gero ya yi kyau kuwa, ba wanda ya ga amfanin ɗaukarta. Halimatou ta jera abin da aka kawo ta duba, ta ga kundin ya juye mata: in da wannan za a yi shaida, a ƙauyen Malam Alu ba a taɓa cika rumbu ba. Wannan ya fi mutuwar yi mata ciwo.

Za a ɗauki gawa ranar Alhamis bayan La'asar daga Lamorde zuwa Talaje, inda Sumana zai raba sassan jikinta ga mabukata. Ba za a yi mata salla ba. An tambayi liman, ya ce a ji tsoron Allah. Za a yi zaman makoki na kwana bakwai a gidan mai rashin. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya zo da kilensa, a miƙa wa Sumana a ƙofa, ba za a tambayi kowa komai ba, an yafe.

Ana roƙon a duba da kyau, ko wani ya kwafo shekarar albarka bisa kuskure. Halimatou ta ce ko da jami'a ta hana ta takarda za ta haƙura, amma a nemo mata watan Agustan 1974. Akwai layi guda a ciki da ta shigar yadda mahaifinta ya rubuta shi: "Ruwa milimita arba'in da biyu. Na makara wajen awo, an haifa mini 'ya mace."

Tana zaune a zaure daga safe har Magariba.