Bindigar da Na Shayar da Man Gyaɗa

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da na so, shi ne gasar harbin da aka yi a Kankiya zamanin Turawa. Yau yaro kan ga bindiga iri goma a waya kafin ya karya kumallo. A lokacinmu kuwa, in ka cire ta mafarauta mai cin albarushi, mutum sai ya tsufa bai riƙe ƙaramar bindiga ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma yawancin fushin da kaina nake.

'Yan shekaru bayan mun dawo daga yaƙin Bama, Di'o, Baturen mulki, ya sa aka yi shela cewa ana neman mutum ɗaya da zai koya wa 'yan doka harbi a Katsina. Aiki ne na din-din-din, har da gida. Ni kuwa tun da aka sallame mu ba ni da abin yi sai zama gindin tsamiya ina ba da labarin Bambai da Khartum. Ina jin Turanci da Larabci da ɗan Indiyanci, amma ba wanda ya taɓa ba ni tuwo don su. Wannan aikin nake so, kuma na riga na gaya wa gari duka cewa nawa ne.

Mu shida muka fito. Kwana uku kafin gasar, Saja, wanda ke kula da makaman 'yan doka, ya jera ƙananan bindigogi a tebur ya ce kowa ya zaɓa, ya goge abarsa, ya saba da ita. Biyar libarba ne, masu cin harsashi shida, waɗanda ko a taɓo ka jefa su za su tashi. Ta shidan irin ta hafsoshi ce, baƙa, siririya, wadda in ka harba ita da kanta take tofar da kwanso ta ɗura wani harsashin.

Na yi wuf na ɗauke ta. (Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba: a Bama doguwar bindiga na riƙe. Wannan a ƙugun Manjo kawai na taɓa ganinta.)

Akwai wani Tanko, maharbi daga Kusada, ya girme ni da kusan shekara goma, bai taɓa wuce Kano ba. Ya ɗauki libarba ya jujjuya, ya dubi tawa.

"Soja, ka san halinta kuwa?"

"Malam Tanko, da irinta nake kwana a daji. Kai dai riƙe ta tsofaffi, kada ta faɗo maka a ƙafa."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Saja ya miƙo mini ɗan gwangwanin man bindiga. Na ɗiga a yatsa, na ji shi tsararo kamar ruwa, na ce lallai Saja ya sirka shi da kananzir. Ga bindigar da tauri, sai na ciji leɓe kafin in ja bayanta. Sai na tuna yadda mahaifina yake yi wa tasa ta farauta: ya shafe ta da man gyaɗa, ya ajiye a rana ta sha.

Washegari na hau keke har Kunduru wurin yayata mai yin ƙuli-ƙuli. Ta cika mini kwalba da sabon mai, tana cewa, "Allah ya ba ka sa'a, auta, ka fitar da mu kunya." Na dawo na kwance bindigar a bayan ɗakin makamai, na tsiyaya mata mai ta kowace kafa, har gidan harsashi, na shanya ta a rana. Tanko yana zaune nesa kaɗan yana goge tasa da tsumma. Ya kalle ni, ya ci gaba da gugarsa. Da yamma na mayar wa Saja ita ya kulle. Washegari ma na ƙara mata.

Ranar gasa da hantsi filin ya cika, har daga Fakuwa an zo. An kakkafa zana kamar lungunan gari, an ɓoye mutum-mutumin katako guda uku a bayansu. Dokar ita ce ka shiga da bindiga a kube, in ka hango katako ka fake, ka zaro, ka ba shi biyu, ka wuce, Di'o yana duba agogo. Tanko ya shiga a natse kamar mai zuwa gona, ya fito harsashinsa biyar cikin shida sun huda katako.

Aka kira ni. Na sara wa Di'o, na yi masa gaisuwa da Turanci don jama'a su ji. Na shiga da gudu, na durƙusa bayan zana, na zaro. Ta yi mini danƙo a hannu, amma na danne. Na ja kunama, ta tashi. Hayaƙin da ya fito kuwa, wallahi ƙamshin suya ne. Na sake ja, shiru. Kwanson ya maƙale a bakinta, bayanta ya tsaya a rabi. Na ja, na bubbuga, na zage ta da Hausa, na zage ta da Indiyanci. Ta ƙi.

Di'o ya busa usur, ya karɓe ta ya zare gidan harsashin. Mai ya riga ya daskare da yashi ya zama kamar ƙaro, ga kiyashi suna fitowa a jere suna hawa hannunsa. Ya yarfe, ya kai ta hanci ya shinshina. Da ma da Turanci ya yi magana, da mu biyu kaɗai muka ji. Sai ya ɗaga murya da Hausarsa ta Bature:

"Wannan bindiga, za a harba ne ko za a ci?"

Na sha ruwan harsashi a daji, ban ji abin da na ji a wannan dariyar ba. Wata tsohuwa har zama ta yi a ƙasa. Yayata, da ta taso tun asuba don ta ga nasarata, ta ja mayafi ta rufe fuska. Saja kuwa ya ce ba zan bar wurin ba sai na wanke ta da kananzir, a gaban kowa.

Ina cikin wankin, Tanko ya zo ya tsuguna kusa da ni. Na taso masa.

"Kana kallona ina zubawa, ka yi shiru. Wannan mugunta ce, Malam Tanko."

"Wallahi na so in yi magana," in ji shi. "Har na buɗe baki. Sai na ce mutumin da yake kwana da ita a daji, mi zan koya mashi? Na ɗauka haka kuke yi a Bama."

Na sunkuya na ci gaba da wanki. Da ƙarya yake yi, da na sami wanda zan huce a kansa. Amma da gaske ya yarda da ni, Saja ma haka, shi ya sa ba wanda ya tsawatar.

Tanko ya tafi Katsina, a wannan aikin ya tsufa. Ni kuwa na gane cewa in ka cika baki, masu iya gyara maka ne suke fara yin shiru. Tun daga ranar, duk abin da aka miƙo mini wanda ban sani ba, kafin in karɓa nake cewa ban sani ba.