Idon da Aka Ajiye

"Lafiya lau muka kwana, sai dai ganinki da ya ɓata mini safiya."

"Da sauƙi tunda kana gani. Shigo, bawana, amma goge ƙafa, yanzu na share."

Mai gyaran agogo ne ya shigo shagon tabarau na 'yar kawunsa. Ɗan goggonta ne, tare suka tashi, kuma tun suna yara ba su taɓa rabuwa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Shagon ɗaki biyu ne, na gaba tabarau jere cikin akwatin gilashi, na ciki kujerar gwaji da allon haruffa. Shekara goma sha ɗaya tana wurin, iyakarsa ya leƙo daga ƙofa ya ce ta cika tsada ya wuce. Da ta ga yau ya ja benci ya zauna, sai ta ajiye tsumman da ke hannunta.

"Wancan baƙin nawa?" in ji shi.

"Dubu goma sha takwas, har da gilashi."

"Har da motar da za ta mayar da ni gida? A bakin titi ɗari biyar ake sayar da irinsa a faranti."

"Irin na aljihunka, mai hannu ɗaya ɗaure da zare? Je ka ƙaro masa ƙane."

"Uku na saya a watan nan, duk jabu. Jiya na ci karo da ƙofar shagona."

"Ƙofar da ka yi shekara talatin kana shiga?"

"Matsawa ta yi."

"Ta wane gefe ta buge ka?"

Ya shafa kafaɗar hagu. Ta dubi kafaɗar, ta dubi fuskarsa.

"Ba na sayar da tabarau sai na gwada ido. Gwaji dubu biyu."

"Ki kalli idona kuma in biya ki? Mata nawa suka nemi kallonsa kyauta na hana."

"Allah ya tsare su. Tashi mu shiga ciki."

Ta zaunar da shi, ta rufe masa idon hagu da ɗan faifai. Ya karanto haruffan tun daga babba har layin kusa da ƙarshe, yana yi yana kaɗa ƙafa.

"Kin ji ko? Ke da kike sayarwa ma ba ki kai nan ba."

Ta mayar da faifan kan idon dama. Ƙafar ta daina kaɗawa.

"Kunna allon mana."

"A kunne yake."

"Kin rage wuta don ki ci kuɗina."

"Babban harafin sama, wanda ya kai tafin hannu. Mene ne?"

Ya karkata kai, ya sake karkatawa. Ta ɗaga yatsu uku dab da fuskarsa, bai gan su ba.

"Wannan idon ai sabo ne fil," in ji shi a hankali. "Shekara talatin da na dama nake aiki, ɗan madubina maƙale a kansa, wannan kuwa a runtse. Ajiye shi na yi saboda tsufa."

"Ka yi ajiya, ba ka taɓa buɗewa ka duba ba."

Ta jawo na'urar da ke hura iska a ido ta auna na hagu, ta auna na dama, ta sake auna na dama. Ta haska cikinsu da 'yar fitila, ta daɗe tana dubawa. Ta taɓa ganin irin wannan a idon baƙi, ta kuma san yadda ake faɗa musu. Yau sai ta tsinci kanta tana gyara faifan da ba abin da ya same shi.

"Kin yi shiru. Ko kyau ne ya ruɗe ki?"

"Saurara, ɗan goggo." Rabonta da kiransa haka har ta manta. "Alamar hawan jinin ido nake gani. Likita ne zai tabbatar, amma na hagun nan ba tabarau da zai dawo da shi. Na daman ma ya fara. Shi ana iya riƙe shi, in aka je asibiti yanzu."

Ya zauna yana kallon allon da ido ɗaya. Can ya sa hannu a aljihu.

"Ba ni baƙin nan. Sha takwas ɗin, ban nemi ragi ba."

"Ba na sayarwa."

"Ashirin."

"Ko hamsin."

"Ikon Allah. Yau kuɗi ya zo har gabanki kin kau da kai. Ke ya kamata a kai asibitin."

"Mu je tare, sai a duba mu duka."

"Kaka da idonta ta shiga asibiti, da sanda ta fito."

"Ba da idonta ta shiga ba. Sai da duka biyun suka tafi aka kai ta. Kai ka riƙe mata hannu ranar, ka fi ni sani."

Ya dubi agogon hannunsa.

"Agogo tara ne a teburina, masu su na jira."

"Su jira. Dama duk a tsaye suke."

Bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, dariyar ba ta zo ba. Ya buɗe tafin hannunsa yana duba yatsun nan da suka saba da ƙusa mai ƙanƙantar ƙwayar yashi.

"In shi ma ya tafi fa? Ni ban iya komai ba sai wannan."

"Sai ka dawo gidan uwargijiyarka in ciyar da kai, ka kuwa san cikinka. Don kaina nake wannan wahalar, kada ka ɗauka sonka nake yi."

Ta rubuta takardar da za a nuna wa likita, ta ninke ta sa a jakarta, don ta san in ta shiga aljihunsa sai dai a naɗe batir da ita. Ta yafa mayafi, ta kashe allon, ta ɗauki makulli. Wata mata ta tsaya a ƙofa tana tambayar tabaran karatu, ta ba ta haƙuri ta ce sai gobe.

Yana tsaye yana kallo ta ja ƙofar ƙarfe ta datse kwaɗo, hantsi bai ma gama ɗagawa ba.

"Dubu biyun gwajin fa?"

"Rabin ido na gwada, ba na karɓar rabin kuɗi. Wuce mu je."

Titin cike yake da babura. Ya sa ƙafa zai tsallaka, ya fasa. Sai a lokacin dariyar ta fito, gajeriya.

"Na bi, 'yar kawu, kin ci. Amma dawo ta haguna ki riƙe ni. Nan ne ba na ganinki, ciwon ma ya yi rana."

Ta zagayo ta hagun, ta kama hannun rigarsa, suka tsallaka.